RUMBUN ALLAH BA YA ƘAREWA: DARASI A KAN DOGARA GA TANADIN UBANGIJI



Wata rana da maraice, bayan mun tashi daga koyon addini, wani saurayi ya dakata har kowa ya watse. Sa'an nan ya ce mini, "Malam, tun ran da na soma zuwa nan, baffana ya karɓe gonar da ya ba ni aro. Ga damina ta matso, ga mata, ga yaro a goye. Kuna cewa Allah Uba ne mai ciyarwa. To, bana me za mu ci?" Ban tsauta masa ba, gama tambayarsa ta gaskiya ce, mutane da yawa kuwa sun juya da baya a kanta. Saboda shi da irinsa na rubuta wannan darasi.

1. Allah mai yalwar hannu ne

Ka duba aikin da ka saba. Manomi ya kan zuba 'yan ƙwayoyin gero cikin rami, ya rufe da diddige, ya tafi. Da kaka ta yi, zangarniya ɗaya ta kan ɗauki ƙwayar da ba ka iya ƙidayawa. Manomi ya yi shuka, ya yi noma, amma wa ya riɓanya? Allah ne.

Hannun nan mai yalwa shi muka gani ga Yesu. Cikin Linjila ta Yohanna, sura 6, taro mai girma ya bi shi har ƙetaren tekun Galili, maza kaɗai wajen 5,000. Filibus ya yi lissafi, ya ga ko dinari 200 ba za su sayi abin da kowa zai sami ɗan kaɗan ba, dinari ɗaya kuwa ladan aikin yini ne. Andarawas ya nuna wani yaro mai gurasar sha'ir 5 da kifi 2. Yesu ya karɓa, ya yi godiya, aka rarraba. Kowa ya ci ya ƙoshi, har aka tattara ragowa kwando 12. Linjila huɗu duka sun ba da wannan labari, domin kada mu manta da shi.

Akwai kyautar da ta fi wannan. Allah ya ba da Ɗansa saboda mu, a kowace Misa kuma Yesu yana ba mu kansa abincin rai. Wanda bai hana mu babbar kyauta ba, ƙaramar ce za ta yi masa wuya?

2. Na yau domin yau

Amma ka lura da yadda ya kan bayar. Cikin Littafin Fitowa, sura 16, Isra'ilawa sun yi gunaguni a jeji, suna marmarin tukwanen naman Masar. Allah ya sauko musu da abinci wanda suka kira manna. Ya umurta kowa ya tattara mudu ɗaya domin kowane mutum na gidansa, kada a rage saboda gobe, sai a rana ta shida a tattara ninki biyu saboda Asabar. Waɗansu suka ƙi ji, suka ɓoye. Da gari ya waye abin ya yi tsutsa, ya yi wari. Shekara 40 Allah yana ciyar da su haka, safiya bayan safiya. Da ya so, da ya ba su na shekara gaba ɗaya. Nufinsa shi ne su koyi duban Mai bayarwa kowace rana. Domin wannan, cikin addu'ar da Ubangiji ya koya mana, abincin yini mu ke roƙo.

To, ajiya cikin rumbu zunubi ne? A'a. Yusufu ya tara hatsi a Masar shekara 7 na ƙoshi, da shi aka ceci mutane cikin shekara 7 na yunwa. Zunubi yana ga mai arzikin nan na Luka, sura 12, wanda gonarsa ta yi albarka, ya ƙudura zai rushe rumbunansa ya gina manya, ya zauna ya ci ya sha. A daren nan aka karɓi ransa. Yusufu ya tara domin jama'a, wannan kuwa domin cikinsa. Wanda ya kulle hatsi yana jiran tsada, 'ya'yan maƙwabcinsa suna kwana da yunwa, ya san wanda ya bi cikin biyun nan.

3. Dogara ba lalaci ba ce

Kada wani ya ce, "Tun da ya ke Allah zai ciyar da ni, bari in jingine fartanya." Hausawa su kan ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, gaskiya ne. Su ne kuma su kan ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ko manna sai an yi sammako an tattara, gama in rana ta yi zafi ta kan narke. Manzo Bulus ya yi sana'ar ɗinkin tanti domin kada ya nauyaya wa kowa, ya kuma gargaɗi Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki bai cancanci ci ba.

Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa shiga addini hanyar arziki ce. Ubangijinmu kansa an haife shi a wurin dabbobi, Bulus kuwa ya san yunwa da ƙishi da kurkuku. Allah bai yi maka alkawarin dukiya ba. Ya yi alkawari ba zai yashe ka ba. Saboda haka in wahala ta zo, kada ka koma wurin boka neman laya ko maganin kasuwa. Wanda ya yi haka ya nuna yana zaton hannun Allah ya gajarta.

4. Ta hannun wa kyautar ta kan zo?

Nan ne zuciyar darasinmu. Yesu yana da iko ya ciyar da taron nan ba tare da kowa ba, amma ya so ya soma da guzurin yaro. Cikin Littafin Sarakuna na Fari, sura 17, a lokacin babban fari, Allah ya aiki annabi Iliya wurin wata gwauruwa a Zarefat, wadda ba ta da kome sai ɗan gari a tukunya da ɗan mai a tulu. Ta toya wa baƙo tukuna. Garin bai ƙare ba, man kuma bai ƙafe ba, har Allah ya sauko da ruwa. Sau da yawa tanadin Allah ta hannun matalauci ya kan bi.

Ga misali daga tarihin Ikkilisiya. A shekara ta 1827, a birnin Turin na ƙasar Italiya, aka kira wani firist mai suna Yusufu Kotolengo wurin wata baƙuwa mai ciki, marar lafiya, wadda ba a karɓe ta a asibiti ba. Ta mutu a gabansa, mijinta da 'ya'yanta suna kallo. Abin ya soki zuciyarsa. A 1828 ya kama hayar 'yan ɗakuna, ya sa gadaje domin marasa lafiya waɗanda ba mai karɓarsu. A 1831 hukuma ta rufe wurin saboda tsoron annobar kwalara. Bai karai ba. A 1832 ya sake buɗewa a gefen gari, ya sa masa suna Ƙaramin Gida na Tanadin Allah. Ba shi da taska sai addu'a da sadakar mutane, duk da haka gidan ya yi ta girma, ana karɓar marayu, da guragu, da kurame, da tsofaffi. Ya rasu a 1842, Paparoma Piyus na 11 ya sa shi cikin waliyyai a 1934, gidan kuwa yana nan yana aiki har yau. Allah ne ya ciyar da su, amma da abincin da mutane suka ɗauko daga gidajensu.

Yanzu sai mu koma ga saurayin nan. Ran Lahadi na kai maganarsa gaban dattawan Ikkilisiya. Wata tsohuwa gwauruwa, wadda ƙarfin noma ya ƙare mata, ta ba shi aron gonarta. Wani ya kawo iri mudu biyu, samari suka yi masa gayya. Ban ce ya yi arziki ba. Kafin sabon gero ya nuna, sau ɗaya a yini a ke ɗora tukunya a gidansa. Amma ba su kwana da yunwa ba, da kaka kuma ya kai wa tsohuwar dammuna har ƙofar ɗakinta. Ita da ta bayar, ita ma aka ciyar.

Ka gani, ɗan'uwa, ba a gane mai dogara ga Allah da yawan magana. A kan gane shi ran da ya buɗe rumbunsa alhali abin da ke ciki kaɗan ne. Irin da aka riƙe a hannu ba ya tsiro.

5. Abin da za ka yi

Da asuba ka miƙa wa Allah bukatar yini, sa'an nan ka fita aikinka. Kada ka sa hannu a akushi sai ka yi godiya. In ka yi girbi ko ka karɓi lada, ka ware rabon matalauci da na Ikkilisiya tun da fari, kada ka jira ragowa. In kuwa kai ne cikin rashi, kada kunya ta hana ka faɗa wa Fada ko malaminka, gama 'yan'uwa ba su iya ɗaukar kayan da ba su gani ba.

Tambayoyi

1. Don me manna ta ruɓe a hannun waɗanda suka ɓoye ta?
2. Mene ne bambancin Yusufu da mai arzikin nan na Luka 12?
3. Wane ne cikin unguwarku Allah ya ke so ya ciyar ta hannunka a wannan mako?

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai da ka ke ƙosar da tsuntsun daji, ka san bukatarmu tun ba mu roƙa ba. Ka kawar da tsoron gobe daga zukatanmu, ka sa albarka ga aikin hannuwanmu, ka buɗe hannunmu ga ɗan'uwa kamar yadda ka buɗe naka gare mu. Ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.