Darasi: Hadari, Tsawa da Mahaukaciyar Guguwa, Me Ya Kamata Mai Waya Ya Sani?

Bara da damina aradu ta faɗo kusa da unguwarmu, kwamfutata na jone a soket. Ta ƙone nan take, ta tafi da aikin manhajar da na yi sati biyu ina rubutawa. Wannan asarar ce ta sa na zauna na karanci hadari.

Yadda hadari ke haɗuwa

Idan rana ta dafa ƙasa, iska mai zafi da danshi takan tashi sama, ta huce, ta zama gajimare mai tsayin da kan wuce kilomita 12. A cikinsa ƙanƙara ke gogayya da juna har lantarki ya taru. Fitar wannan lantarkin ita ce walƙiya, ƙararta kuma tsawa.

Idan iskar sama ta bambanta da ta ƙasa a gudu da alkibla, hadarin kan fara juyawa, har ya sauko da wani abu kamar mazurari ya taɓa ƙasa. Shi ake kira tonado. Amurka na samun fiye da 1,000 a shekara, musamman daga Afrilu zuwa Yuni. Wanda ya afka wa garin Joplin na jihar Missouri ran 22 ga Mayu, 2011 ya kashe mutum fiye da 150. Tun 2012 ake tura gargaɗi kai tsaye zuwa wayoyin da ke yankin, ko babu data.

A ƙasar Hausa tonado ba kasafai ba ne. Namu shi ne iskar da kan taso daga gabas a farkon damina ta yaye kwano, sai kuma aradu.

Abin da za ka yi

1. Buɗe agogon ƙidayar daƙiƙa na wayarka. Ƙirga daga walƙiya zuwa tsawa, ka raba uku, sakamakon shi ne nisan aradun a kilomita. Daƙiƙa 9 na nufin kilomita 3.
2. Idan bai kai daƙiƙa 30 ba, shiga ɗaki, kada ka fito sai bayan minti 30 da tsawar ƙarshe.
3. Waya ba ta jawo aradu. Matsalar wayar caji ce, domin lantarkin na iya biyo layin wuta har hannunka. Cire caja, talabijin da eriya tun hadari bai iso ba.
4. Kada ka fake a gindin bishiya ko ƙarfen sabis, kuma bar ɗaukar bidiyo a fili.
5. Riƙa duba hasashen NiMet, ka cika fawa bankinka tun da wuri.

Ni dai yanzu da na ga gabas ta yi baƙi, soket nake fara nufa. Allah ya kare mu, mu haɗu a darasi na gaba.