Riƙe Aiki a Kan Injin Sassaƙar Ƙarfe: Darasi Ga Masu Sana'a da Almajiransu

Tun zamanin haƙar kuza, garin Jos da Bukuru sun san darajar maƙerin inji. Famfunan da ke zuƙar tsakuwa daga ramukan kuza ba su daɗewa sai sun cinye, kuma jiran kayan gyara daga Ingila yakan ɗauki watanni. Ko da kasuwar kuza ta duniya ta karye a shekarar 1985, bukatar ba ta gushe ba, domin manoman rani suna jawo ruwa daga waɗannan tsofaffin ramuka da injuna, su kuwa injuna dole su nemi gyara. A Jos ɗin ne kuma hedkwatar Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu take, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1971. Saboda haka wannan darasi ya shafi jama'a da dama.

Injin sassaƙar ƙarfe iri biyu ne. Akwai wanda sandar da ke juya wuƙarsa take tsaye, tana saran aiki daga sama. Akwai kuma wanda sandarsa take kwance, tana tunkarar aiki daga gefe. A kan na biyun za mu yi magana. Tun da wuƙa daga gefe take zuwa, tilas aikin ya fuskance ta, watau a rataya shi a jikin wani abu mai tsayuwa kamar bango. Wannan abu wani ginshiƙi ne na ƙarfen zubi mai fuska biyu ko huɗu, an jera masa ramukan noti a sahu. Turawa sun yi masa laƙabi da dutsen kabari, don ya yi kama da allon da suke kafawa a maƙabartunsu. Mu dai ginshiƙi za mu kira shi.

Amfaninsa a fili yake. A ce an kawo wa mai sana'a kwangilar murfin famfo guda 200. In ɗaya-ɗaya zai riƙa ɗaurawa, sai ya tsai da inji sau 200, ya kwance, ya share, ya sake awo. Amma in ya jera huɗu a kowace fuska ta ginshiƙi mai fuska huɗu, ya ɗaura 16 ke nan a tashi guda. Teburin injin yakan juya da ginshiƙin, saboda haka wuƙa za ta iya kai ga gaban aikin da gefensa biyu ba tare da an kwance shi ba. Wannan shi ne babban al'amari, domin duk lokacin da aka kwance aiki aka sake ɗaurawa, to, an buɗe wa kuskure ƙofa. Bugu da ƙari, ɓarɓashin ƙarfe ƙasa yake zuba da kansa, ba ya taruwa a kan aikin. A injunan zamani masu aiki da kwamfuta, ma'aikaci yakan loda wani ginshiƙi a waje yayin da ɗaya ke cikin inji ana sassaƙa.

To, yaya ake ɗaurawa? Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce ta uku, biyu, ɗaya. Aikin ya jingina a wuri uku ta bayansa, wuri biyu ta gefe guda, wuri ɗaya ta ƙarshensa. Wanda ya san murhu ya san dalilin ukun farko: tukunya ba ta rawa a kan duwatsu uku. Bayan haka sai a matse, kuma matsin ya faɗa daidai kan inda aikin ya jingina. In aka matse inda babu abin tokara a baya, ƙarfen zai lanƙwashe, a sassaƙe shi a haka, da an kwance ya koma yadda yake, aiki ya ɓaci. A kuma tsara yadda wuƙa za ta riƙa tura aikin wajen matokara, kada noti kaɗai ya ɗauki nauyin saran.

Abin lura shi ne, ginshiƙi ya fi ƙarfi a gindinsa. Aiki mai nauyi da sara mai zurfi a ƙasa ake sa su, don samansa yakan yi rawa. Kafin a aza shi a share tebur sarai, musamman da hunturu, gama ƙwayar ɓarɓashi ɗaya a ƙarƙashin gindi ta isa ta karkatar da kansa. Sa'an nan a bi fuskokinsa da agogon awo daga sama zuwa ƙasa.

Mutanen Filato suna da wata matsala tasu. Jos tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200, sanyin asuba da zafin rana sun yi nisa da juna. Ƙarfe mai tsawon rabin mita yakan miƙe da kimanin milimita 0.06 in zafi ya ƙaru da digiri 10, watau kwatankwacin kaurin gashin kai. A wurin zaman boris wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai a bar inji ya yi ɗumi kafin a ɗauki awon farko.

Kada kowa ya ɗaga ginshiƙi da hannu, sai da ƙugiya da sarƙa. Kada a taɓa noti alhali wuƙa na juyawa. Kafin a tayar da inji a juya tebur a hankali, a tabbata babu abin da zai bugi sanda, domin aikin da ya kuɓuce yakan fita kamar jifan majajjawa.

Ba kowane shago ne ke bukatar wannan ba. Mai gyara ɗaya ko biyu asarar lokaci zai yi wajen shirya ginshiƙi. Wanda kuwa tsohon inji gare shi, marar tebur mai juyawa, ya nemi farantin ƙarfe mai kusurwa, ya ɗaure shi tsaye a kan tebur, ya bi ƙa'idar uku, biyu, ɗaya a jikinsa.