Motsa Jiki Da Juna Biyu: Ki Ɗauki Malamar Awo A Matsayin Mai Horar Da Ke

Darasinmu na wannan fitowar a kan motsa jiki ne. Matan da ke zuwa awo daga Zango, Baure, Sandamu, Mai'aduwa da cikin garin Daura galibi kashi uku ne. Akwai wadda da zarar an ga ciki sai a hana ta komai, ta yini a kwance. Akwai wadda ke daka da surfe da jan ruwa har ranar naƙuda. Akwai kuma 'yan kaɗan, kamar malaman makaranta da 'yan bautar ƙasa da mata jami'an tsaro, waɗanda dama sun saba gudu, suna tambaya ko su ci gaba. Dukkansu abu ɗaya suke buƙata, wato wanda zai tsara musu aikin, ya kuma riƙa bibiya.

Mene ne aikin mai horarwa?

A fagen wasanni akwai wata gasa da ake kira tirayatilon, inda mutum ɗaya ke yin wasa uku a jere ba hutu. A gasar Olamfik, wadda aka shigar da wannan wasa cikinta a shekarar 2000 a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, ana yin ninƙaya ta kilomita 1.5, sai tseren keke na kilomita 40, sai gudu na kilomita 10. Manyan 'yan wannan wasa ba sa shiri su kaɗai, kusan kowa yana da mai horar da shi, wanda ake kira koci. Aikin koci huɗu ne: ya duba lafiyar ɗan wasa da ƙarfinsa tun farko, ya tsara masa aikin kowane mako, ya karɓi rahoton yadda jiki ya ji, sannan ya faɗi ranar da za a rage ko a huta.

A cikin irin waɗannan 'yan wasa akwai iyaye mata. Nicola Spirig 'yar ƙasar Siwizalan ta ci zinare a tirayatilon a Landan a 2012, ta haihu a 2013, ta dawo ta ci azurfa a Birazil a 2016. Paula Radcliffe ta Ingila ta haihu a watan Janairun 2007, ta ci gudun fanfalaki na birnin Nuyok a watan Nuwamba na wannan shekarar. Ban kawo su don ki kwaikwayi gudunsu ba. Waɗannan mata ne da suka shafe shekaru suna horo, kuma suna da masu kula da lafiyarsu. Abin ɗauka shi ne tsarin. Ke ma kina da gagarumin aiki a gabanki a ƙarshen wata tara, kuma kocinki ita ce malamar awo.

Me ya sa za ki motsa jiki?

A da likitoci ma sun yi ɗari-ɗari. A 1985 ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta ce kada bugun zuciyar mai ciki ya wuce 140 a minti ɗaya yayin atisaye, amma a 1994 ta janye wannan iyaka. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa duk mai juna biyu da ba ta da wata matsala ta samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici. Wato minti 30 a rana, kwana biyar a mako.

Amfaninsa ya haɗa da rage haɗarin ciwon suga na ciki, rage haɗarin hawan jini na ciki wanda kan kai ga jijjiga, hana ƙiba fiye da kima, da rage ƙuncin rai bayan haihuwa. Mata da yawa kuma suna samun sauƙin ciwon baya da cushewar ciki, barci ya yi musu daɗi. Ga mai lafiyayyen ciki, tafiya da sauri ba ta zubar da ciki, ba ta kuma rage nauyin jariri.

Mataki na 1: Dubawa kafin a fara

Koci ba ya sa ɗan wasa gudu sai ya san halin da jikinsa yake ciki. Saboda haka ki fara awo tun cikin bai wuce wata uku ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. A zuwan farko za a auna hawan jininki da yawan jininki, a gwada fitsari, a tambaye ki yadda haihuwar baya ta kasance. Ki faɗa wa malama irin aikin da kike yi a gida, da ko kin saba gudu ko wani wasa.

Kada ki fara atisaye sai likita ya amince idan kina da ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Zubar jini da ke maimaituwa.
2. Mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, kamar yadda hoto ya nuna, musamman bayan mako 26.
3. Hawan jini na ciki.
4. An ɗaure miki bakin mahaifa, ko kin sha yin ɓari ko haihuwar bakwaini.
5. Faya ta fashe kafin lokaci.
6. Ƙarancin jini mai tsanani.
7. Ciwon zuciya, ciwon huhu ko sikila.
8. Cikin tagwaye ko 'yan uku.

Ƙarancin jini ya zama ruwan dare a yankinmu, kuma zazzaɓin cizon sauro na ƙara shi. Mace mai ƙarancin jini takan yi haki daga ɗan taku kaɗan. Ki sha maganin ƙarin jini kullum, ki karɓi Fansidar a asibiti daga mako na 13, wata-wata, ki kuma kwana cikin gidan sauro.

Mataki na 2: Tsarin mako

Idan ba ki saba ba, ki fara da tafiyar minti 10 a rana. Duk mako ki ƙara minti 5 har ki kai 30. Ba dole ne a yi su a lokaci ɗaya ba, za ki iya yin 15 da safe, 15 da yamma. Minti 5 na farko da na ƙarshe ki taka a hankali.

Ma'aunin saurin yana bakinki. Idan kina tafiya, numfashi ya ɗan ƙaru, amma kina iya hira da abokiyar tafiyarki, to kina daidai. Idan magana ta fara tsinkewa, ki sassauta. Dalili shi ne zuciyarki ta riga ta ƙara aiki: jinin jikin mai ciki yakan ƙaru da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100, bugun zuciya kuma yakan ƙaru da 10 zuwa 20 a minti ko tana zaune.

Wadda ba ta fita waje za ta iya yi a tsakar gida. Ki share fili, ki kawar da turmi da icce da igiyar dabbobi, ki duba agogon waya, ki yi ta zagaye. Idan akwai facala ko abokiyar zama, ku yi tare. Ki sa takalmi mai rufi wanda ya kama ƙafa, domin gaɓoɓin mai ciki suna sakewa, nauyi kuma ya koma gaba, saboda haka tuntuɓe ba ya wuya.

Sai atisayen matsi, wanda ke ƙarfafa naman da ke riƙe da mafitsara da mahaifa. Ki matse ƙasanki kamar mai riƙe tusa da fitsari, ki ƙirga biyar, ki saki, ki ƙirga biyar. Ki yi sau 10, sau uku a rana, kina numfashi yadda kika saba. Kada ki yi shi a lokacin da kike fitsari. Yana taimakawa wajen hana ɗigar fitsari idan an yi tari ko atishawa.

Gudu, keke da ninƙaya

Gudu: wadda ta saba kafin ciki, kuma likita bai ga matsala ba, za ta iya ci gaba da sassarfa, tana ragewa yayin da ciki ke girma. Wadda ba ta taɓa yi ba, kada ta fara da ciki, tafiya ta ishe ta. Idan kina da koci ko malamin motsa jiki, ki sanar da shi kina da ciki tun farko, ki kai masa abin da malama ta rubuta. Duk inda maganarsa ta saɓa da ta asibiti, ta asibiti za ki bi.

Keke: haɗarinsa faɗuwa ne, ga shi hanyoyinmu rairayi ne. Keken girke na ɗakin motsa jiki, wanda ba ya tafiya, shi ne ya dace ga wadda ta samu.

Ninƙaya: a wurin wanka mai tsabta da ake zuba wa magani, wasa ne mai kyau ga mai ciki, don ruwa na ɗauke mata nauyi. Amma kududdufi da tafki da madatsar ruwa ba wurin shiga ba ne, saboda tsargiya da haɗarin nutsewa.

Bayan wata uku na farko, ki guji daɗewa a kwance rigingine, domin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Ki kwanta ta gefe, musamman na hagu.

Aikin gida fa?

Shara, wanke-wanke da zuwa unguwa a ƙafa duk motsa jiki ne, kuma ana lissafa su. Amma ɗaukar jarkar ruwa mai lita 25, jan guga daga rijiya mai zurfi, ɗauko itace daga daji, da daka mai tsawo suna ɗora wa baya da mara nauyi, ga kuma haɗarin zamewa a bakin rijiya. Ki raba kaya gida biyu. Idan za ki ɗauki abu daga ƙasa, ki lanƙwasa gwiwa ki tsuguna, kada ki sunkuya. A watannin ƙarshe a kai hatsi inji.

Lura da yanayi

Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Daura yakan haura digiri 40. A wannan lokaci ki yi tafiyarki bayan sallar asuba ko bayan magariba. Ki sha ruwa kafin ki fara, ki riƙe gora, ki ƙara sha bayan kin gama. Fitsari ya yi duhu alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki. Ranar da hazo ya yi yawa da hunturu, ki tsaya cikin gida ko ki rufe hanci. Idan kina azumi, ki bari sai bayan buɗa baki, kuma ki shawarci malama kan azumin kansa, tun da addini ya yi wa mai ciki rangwame. Ranar zazzaɓi babu atisaye, ranar zuwa asibiti ce.

Mataki na 3: Rahoto

Ɗan wasa yana rubuta aikinsa kullum don koci ya gani. Ke ma ki samu ƙaramin littafi. Kowace rana ki rubuta minti nawa kika yi, yadda kika ji, da ko yaro ya yi motsi kamar yadda ya saba. Wadda ba ta rubutun boko ta yi da ajami, ko ta ja layi ɗaya a kan kowace ranar da ta yi tafiya, ko 'yarta 'yar makaranta ta rubuta mata. Ki haɗa littafin da katin awo ki zo da shi. Idan malama ta ga cewa minti 30 da kike yi cikin sauƙi a watan jiya yanzu minti 10 ma yana sa ki haki, za ta sake auna jininki, ta saurari zuciyarki. Da irin wannan ake kama ciwo tun bai yi nisa ba.

Mataki na 4: Lokacin tsayawa

Ki tsaya nan take, ku nufi asibiti mafi kusa, idan kika ga:

1. Jini ko ruwa yana fita ta gaba.
2. Ciwon mara mai zuwa yana komawa kamar naƙuda.
3. Jiri, ko ganin duhu-duhu.
4. Ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska da hannu.
5. Ciwon ƙirji, ko haki tun ba ki fara ba.
6. Ciwo ko kumburi a sharaɓar ƙafa ɗaya.
7. Motsin yaro ya ragu.

Kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ce sai gari ya waye.

Ga maigida da uwar miji

Malam, kai ne mataimakin koci. Ka ba ta izinin zuwa awo, ka raka ta tafiyar yamma idan da hali, ka saya mata ruwa daga 'yan garuwa don ta huta da rijiya. Ka tanadi kuɗin mota da lambar direba. Ka kuma ba ta izini tun yau cewa duk ranar da ta ga ɗaya daga cikin alamomin nan, ta tafi asibiti ko kana kasuwa ko kana ci-rani.

Hajiya, kin haifa kin kuma ga haihuwa da yawa, surukarki tana jin maganarki. Ki taya mu da abu biyu: kada a kwantar da ita yini guda alhali lafiyarta ƙalau, kada kuma a bar mata turmi da guga ita kaɗai.

Bayan haihuwa

Idan an haihu lafiya, ki fara ɗan takawa a cikin gida tun kwanakin farko, don yana hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa. Ki koma atisayen matsi da zarar kin ji dama. Wadda aka yi wa tiyata ta bi abin da likitanta ya ce. A zo duba lafiya na mako shida. Masu son komawa gudu su sani cewa a 2019 wasu ƙwararrun masu gashin ƙashi a Birtaniya sun ba da shawarar a jira aƙalla wata uku, kuma kada a fara idan akwai ɗigar fitsari ko jin nauyi a ƙasa.

Sai gargaɗi na ƙarshe. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da wankan ruwa mai tsananin zafi, kwanciya a gadon wuta, da yawan shan kunun kanwa. Mai jego da ke haki, ko tari idan ta kwanta, ko ƙafafunta suka kumbura, a kawo ta asibiti a ranar.

A awonki na gaba, ki ce wa malama, "Ina so ki tsara mini tafiyar mako." Ku zauna ku rubuta tare. Allah ya raba lafiya, ya raya mana abin da za a samu, amin.