Amsoshin Tambayoyinku: Kiwon Murjani a Akwatin Gilashi

Wani mai sauraronmu daga Kano yana tambaya ko zai iya kiwon kifin teku da murjani a falonsa.

To Malam, zai yiwu, amma sai da haƙuri. Kada ka taɓa gishirin miya. Akwai gishirin teku na musamman, kimanin giram 35 a litar tataccen ruwa, zafinsa digiri 24 zuwa 26. Ka jera duwatsu, ka ɗan barbaɗa abincin kifi, famfo ya yi ta juya ruwan mako 4 zuwa 6, har bakteriya masu cinye gubar kashin kifi su yawaita. Sannan ƙananan kifi biyu, murjani mai laushi daga baya.

Wuta nake jiye maka. Famfo na tsayawa, iska ta fara ƙarewa a ruwan. Ka tanadi sola da batir tukuna.