Sayen Babban Talabijin Na Waje: Abubuwan Lura Kafin A Zuba Jari

A yau da wuya mutum ya ratsa wata unguwa a Kano, Kaduna, Jos ko Abuja da daddare bai ga jama'a sun yi cincirindo gaban akwatin talabijin a rumfa ko harabar otal ba. Ga mai gidan kallon ƙwallo da mai gidan abinci, wannan akwati jari ne da ake sa ran ya mayar da uwar kuɗi har da riba. Ga magidanci mai son kafa shi a baranda ko tsakar gida kuwa, kuɗi ne masu kauri da ba a son maimaita kashe su. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko talabijin ɗin falo a rataye shi a waje, alhali ba a ƙera shi don rana da ƙura da ruwan sama ba.

Abu na farko shi ne ƙarfin haske. Ana auna hasken allon talabijin da ma'aunin da ake kira nit. Talabijin ɗin ɗaki na gama-gari yakan tsaya tsakanin nit 250 zuwa 400, wanda ya wadatar a inda labule ya tare rana, amma da hantsi a fili sai hoton ya dusashe. Masu ƙera na waje sun kasa shi gida uku: na cikakkiyar inuwa, na wurin da rana ke leƙowa wani ɓangare na yini, da kuma na tsakiyar rana. Na ƙarshen nan shi ne mafi tsada. Alal misali, samfurin The Terrace da kamfanin Samsung ya fitar a 2020 an tallata shi da nit 2,000. Saboda haka tambayar da ta kamata mai saye ya fara yi wa kansa ita ce: da wane lokaci za a riƙa kallo? Idan kasuwar ta dare ce, biyan kuɗin hasken da zai yi gogayya da rana asara ce.

Abu na biyu shi ne kariya daga ƙura da ruwa. A jikin kwali ko takardar bayani akan ga haruffan IP tare da lambobi biyu. Lamba ta farko, wadda ke tashi daga 0 zuwa 6, tana nuna yadda akwatin ke hana ƙura shiga. Ta biyun kuma tana nuna juriyarsa ga ruwa. IP55 na nufin ƙurar da za ta shiga ba ta kai ta yi lahani ba, kuma zai jure feshin ruwa daga kowace fuska. IP65 kuwa ƙura ba ta shiga sam. A ƙasar da hunturu ke turnuƙe gari daga Nuwamba zuwa wajen Maris, lamba ta farko ba ta wasa ba ce, domin ƙura idan ta taru a ciki tana toshe mafitar zafi. Da damina kuma, ba ruwan sama kaɗai ke ɓarna ba. Laima da raɓa suna sa tsatsa a mahaɗar wayoyi ko da akwatin yana ƙarƙashin rumfa.

Abu na uku shi ne zafi. Yawancin talabijin ɗin ɗaki an ƙayyade masa aiki ne a yanayin da bai wuce digiri 40 a ma'aunin Selsiyas ba. A Sakkwato da Maiduguri kuwa zafin Afrilu da Mayu yakan zarce haka a inuwa, balle a ƙarƙashin rufin kwano. Har ila yau, kamfanoni da yawa ba sa karɓar garanti idan an yi amfani da na ɗaki a waje. Kamata ya yi a karanta wannan sharaɗi kafin a biya, a kuma tabbatar akwai wakilin kamfanin da kayan gyara a kusa.

Dangane da girma, ana auna inci ne daga kusurwa zuwa kusurwa. Mai inci 65 faɗinsa kimanin santimita 144 ne, mai inci 75 kuma kimanin 166. Ga iyali a baranda, tazarar mita uku daga mai inci 65 ko 75 ta yi daidai. Ga gidan kallo kuwa, na bencin baya shi ne ma'auni, tunda shi ma kuɗi ya biya. Ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce kada kujerar ƙarshe ta wuce ninki shida na tsayin allon. Tsayin mai inci 75 santimita 93 ne, wato kimanin mita biyar da rabi ke nan. Idan rumfar ta fi haka tsawo, matsakaita biyu a wurare daban-daban sun fi ƙato guda, kuma idan ɗaya ya lalace ranar babban wasa, kasuwa ba za ta watse ba. A tanadi lasifika dabam, domin a fili babu bangon da zai mayar da sauti.

Sai kuma lissafin wuta, wanda 'yan kasuwa da dama kan manta. Allo mai ƙarfin haske ya fi shan wuta. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin yunit ga 'yan rukunin Band A zuwa naira 225. Mu ɗauka akwati yana jan wat 300, ana kunna shi awa shida kullum: yunit 54 ke nan a wata, wato naira 12,150 bisa wancan farashi. Mai jan wat 150 rabin haka zai ci. Ga mai dogaro da janareto kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 nauyin ya ƙaru. Mai amfani da sola kuma kowane ƙarin wat yana nufin ƙarin batir.

To, wanne ya fi riba? Talabijin na waje yakan ninka na ɗaki mai girma ɗaya sau biyu ko uku a farashi, wani lokaci fiye. Hanyar auna su ita ce a haɗa kuɗin saye da na wuta da na gyara, a raba da shekarun da ake sa ran zai yi yana aiki. Otal mai lambu da ke karɓar baƙi da rana, na wajen ne ya dace da shi. Mai gidan kallo na dare da ke da rumfa mai kyau zai iya amfani da na ɗaki, muddin ya sa shi cikin akwatin kariya mai fanka, ko ya riƙa shigar da shi bayan an tashi, tare da sanin cewa ya ɗauki kasadar garanti. Majigi ma mafita ce mai sauƙin kuɗi, sai dai ba ta aiki sosai sai duhu ya yi.

Daga ƙarshe, batun lafiyar jama'a ya fi duk wani lissafi. A watan Afrilun 2017, babbar wayar lantarki ta faɗo kan wani gidan kallo a Kalaba ana tsakiyar wasan Manchester United da Anderlecht, inda aƙalla mutane bakwai suka rasa rayukansu. Don haka kada a kafa rumfa a ƙarƙashin wayar wuta. A samu ƙwararren mai aikin lantarki ya yi wayarin da wayar ƙasa, a sa na'urar daidaita wuta da ta kare tsawa, a ɗaure akwatin da ƙarfe mai makulli saboda iska da ɓarayi. Mai nuna wa jama'a wasa don kuɗi kuma ya tabbatar rajistarsa da kamfanin tauraron ɗan'adam ta kasuwanci ce. Wanda ya auna wurinsa da lokacin kasuwarsa kafin ya je kanti, shi ne ba zai sayi abu ɗaya sau biyu ba.