Kirsty Coventry, gwanar iyo

Zimbabuwe ƙasa ce da ke kudancin Afirka. Kamar Nijar, ita ma ba ta da teku. Amma a babban birninta, Harare, aka haifi wata yarinya da ta zama gwanar iyo ta duniya. Sunanta Kirsty Coventry. An haife ta a shekarar 1983.

Tun tana ƙarama take son ruwa. A shekarar 2000 ta je wasannin Olamfik a birnin Sidni. Ba ta samu lamba ko ɗaya ba. Bayan haka jami'ar Auburn, a jihar Alabama ta Amurka, ta ɗauke ta, ta kuma biya mata kuɗin karatu. Kirsty ta bar iyayenta, ta tafi ƙasa mai nisa.

A can, manyan makarantu suna da ƙungiyoyin wasanni. Amma akwai sharaɗi: ɗalibin da ya bar karatunsa ya lalace, ba a barinsa ya shiga gasa. Saboda haka Kirsty tana da aiki biyu. Da asuba ta shiga ruwa. Da hantsi ta shiga aji. Da yamma ta koma ruwa.

Kowace shekara jami'o'in ƙasar suna yin babbar gasar iyo. Tafkin gasar ginanne ne, tsawonsa yadi 25. Yadi ɗaya bai kai mita ɗaya ba, santimita 91 ne da ɗan kai. Wadda ta zo ta fari takan sami maki mai yawa, masu bi mata su sami kaɗan-kaɗan. A ƙarshe sai a tara makin ɗaliban kowace makaranta. Ke nan gwana ɗaya ba ta isa ta ci kofi ba, ko da ta fi kifi sauri. Ita ma wadda ta zo ta takwas tana da amfani. Kirsty da ƙawayenta sun ci wa Auburn kofin a 2003, suka kuma ci a 2004.

Kirsty ta fi ƙwarewa a iyon rigingine, wato mutum ya kwanta a bayansa, fuskarsa tana kallon sama. Ta kuma iya iyon gauraye, wanda yake da wuya ƙwarai. A cikinsa ana yin iri huɗu a jere ba hutu: iyon malam-buɗe-littafi, da na rigingine, da na kwaɗo, sannan na ganin dama.

A lokacin hutun 2004 ta je Olamfik a birnin Atina, ƙasar Girka. Ta ci lambobi uku: zinariya, da azurfa, da tagulla. Kafin nan, sau ɗaya tak Zimbabuwe ta taɓa samun lambar Olamfik, a 1980. Mutanen Harare suka yi mata babbar tarba. Da hutu ya ƙare, ta koma aji.

A gasar jami'o'i ta 2005, ta zo ta fari sau uku: a yadi 200 na rigingine, da yadi 200 da yadi 400 na gauraye. Ta gama karatu a 2006, da digiri kan tafiyar da otal da gidan abinci.

A 2008 ta ƙara lambobi huɗu a birnin Bejin, suka zama bakwai. A 2025 aka zaɓe ta shugabar Kwamitin Olamfik na Duniya. Ita ce mace ta farko, kuma ta farko daga Afirka, da ta hau wannan kujera.

Tambayoyi
1. Me Zimbabuwe da Nijar suka yi tarayya a kansa?
2. Wane sharaɗi ake gindaya wa ɗalibi mai wasa?
3. Don me gwana ɗaya ba ta isa ta ci wa makaranta kofi ba?
4. Sau nawa za a ratsa tafki mai yadi 25 kafin a cika yadi 200?