Yadda A Ke Yin Garaya

Garaya abin kiɗa ce mai tsirkiya biyu. Tun zamanin dā maharba a ke kaɗa wa ita, ana yi musu kirari. 'Yar'uwarta ta Turawa, wato jita, tsirkiya shida gare ta.

Gwanin makaɗi ya fi son garayar da aka yi dominsa. Sai ya tafi wurin masassaƙi, ya faɗi tsawon da ya dace da hannunsa, ya ba da kafin alƙalami. Masassaƙi ya nemi busasshen itace, ya fafe shi kamar ɗan akushi mai tsawo. In ya yi garaje ya sassaƙa ɗanye, ran da hunturu ya shigo Kano sai ƙoƙon ya tsage, kuɗi da wahala sun tafi a banza.

Da fatar akuya ko ta gada a kan rufe bakin ƙoƙon. Ba a rasa fata a Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). A jiƙa ta, a ja ta tam, a soka sanda, a bari ta bushe. Sa'an nan a ɗora tsirkiya bisa ɗan itacen da a ke kira jaki.

Makaɗi ba ya biyan ciko sai ya gwada. Ya taɓa tsirkiya, ya kasa kunne, ya ja ɗaurin kaɗan, ya sake taɓawa. Da damina kuwa fata ta kan saki, murya ta dushe. Sai ya kara garayar kusa da wuta kafin ya shiga fage.